Igiyar da Saratu Ta Busar

Allah ya isa tsakanin mutanen Geza da ɗan kwangilar da ya yi musu hanya! Wai hanyar 'yancin kai ce, za ta tashi daga Bagudo ta dangana da iyakar Dahome, manya su bi ta da mota bayan Bature ya miƙa mulki. Mutumin nan ya tara marmara da duwatsu, ya tayar da tudu ya fi tsayin mutum biyu, ya datse fadama ɗungurungum, ko kwalbati ɗaya bai bar wa ruwa ba. Dattawa suka ce masa ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Dahome nan yake bi ya faɗa Kwara. Ya ce shi da takarda yake aiki. To, ga takarda nan! Saura mako uku a ɗaga sabuwar tuta, sama ta ɓalle kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa, ruwa ya zo ya tarar da hanyarsa a toshe, ya juyo ya shiga gari.

Ɗakunan unguwar gangare ne suka fara narkewa. Daga nan ruwa ya doshi rumbuna, inda ɗan abin da ya rage na dawar bara yake. Maza suka ɗauki diga da fartanya suka hau tudun hanya, wuni biyu suna sara, ko gwiwa ramin bai kai ba. Sai aka tura mutum Bagudo, inda wasu sojojin injiniya ke gyaran gada. A safiyar kwana na biyar jirgin ruwa ya tsaya a gindin tsamiyar kasuwa, sojoji biyar suka sauko da akwatunan nakiya a kai.

Saratu matar Namadi tana cikin matan da suka tsaya kallo, ruwa iya ƙaurinta. Na ukun da ya sauko daga jirgi, dogo mai igiya biyu a hannun riga, tafiyarsa kawai ta gani gabanta ya faɗi. Ma'azu ne, ɗanta na fari. Ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, kamar yadda ta saba yi shekara ashirin da shida.

Ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta dubansa a gaban mutane. Ranar da aka yaye Ma'azu gwaggonsa ta ɗauke shi ta haye da shi Dahome, can ya girma, daga can ya tafi aikin soja. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a ƙofar ɗaki, Saratu ta juya baya tana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Ko wani yaro aka raɗa wa Ma'azu a unguwa, ita "mai sunan wancan" take ce masa. Mata suna yabonta a kan haka, wai a Geza ba mai kunyar Saratu. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda cikinta ke yi.

Atika maƙwabciyarta, wadda bakinta ba ya hutawa, ta zungure ta. "Ke, ga wancan naki ya zama kofur! Sun ce shi ad da binne nakiyar da hannunshi."

Saratu ta yi kamar ba ta ji ba. Amma ta ji sarai. Da hannunsa! Ita ta taɓa ganin abin da albarushin bindigar maharbi ya yi wa fuskar mutum, balle abin da aka ce zai tsaga tudun marmara.

Ma'azu ya biyo ta gida ya gai da ubansa. Ya sauke wata 'yar jaka daga kafaɗa ya rataye a ɗakin Namadi, ya ce kada kowa ya taɓa, zai je da Saje, babbansu, su duba inda za a haƙa. Namadi ya ce to, ya ɗauki digarsa ya bi bayansa. Wa zai faɗa wa Saratu? Ita ba a maganar wancan da ita.

Ta shiga kwashe tabarmi don kada ruwa ya ci, ta ga jaka tana ɗiga. Sharkaf take, ruwan sama ya dake ta tun daga Bagudo. Ta leƙa waje, ba kowa. Ta buɗe. Riga ɗaya, safa, cokali, sai wata baƙar igiya a nannaɗe, siririya, mai santsi kamar an shafa mata kwalta. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa wanke masa ko hula ba. Ta kwashi kayan ta kai bisa murhun da take bandar kifi, ta zuga garwashi, ta shanya riga da safa, igiyar kuma ta aza ta inda ake aza igiyar ƙugiyar masunta in ta jiƙe. Ta tsaya tana juya rigar, tana shinshina wuyanta, har ta manta da igiya. Da ta tuna ta ɗauko, gefe ɗaya ya yi laushi yana manne wa yatsa. Ta hura masa iska ya huce, ta mayar da komai cikin jaka, ta rataye. Ranta fari ƙal, ta yi wa ɗanta abu ba wanda ya gani.

Da hantsi ya ɗaga ta kai fura bakin aiki. An haƙa rami a ƙugun tudun hanya, an zura akwatuna, ana cike baki da laka. Ma'azu ya aika an ɗauko jakarsa, ya zaro baƙar igiyar nan. Wani mai haƙa ya matso da taba a baki yana leƙe, sai Saje Labbo, shugaban sojojin, tsoho mai furfura da ya yi yaƙin Bama, ya daka masa tsawar da ta sa tabar ta faɗi cikin ruwa.

"Kai, ja da baya! Igiyar ga ita ce ran aikin, ita ka kai wuta ga nakiya. Ruwa ba ya yi mata komi, don haka anka shafe ta da kwalta. Wuta ce abokiyar gabarta. In ta ji zafi, kwalta ta narke ta shiga ciki, shi ke nan ta zama munafuka. Sai ta ci, ta yi kamar ta mutu, kana zuwa dubawa ta tashi da kai."

Ƙwaryar fura ta kusa suɓucewa daga hannun Saratu. Innalillahi! Ta aje ƙwarya a ƙasa ta ja Namadi gefe, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza, ta faɗa masa abin da ta yi.

Namadi ya zaro ido. "Ke wa ya aike ki? Wa ya sa ki?" Ya waiga ya rage murya. "Rufe bakinki. In Saje ya ji an bar kayan gwamnati cikin gida mata na taɓawa, yaron ga za a tuɓe wa igiyoyin kofur a kulle. Igiya ce fa, ba ta ƙone ba, ko ta ƙone?"

"Ba ta ƙone ba. Ta yi laushi."

"To, Allah shi kyauta. Koma cikin mata."

Ta koma cikin mata, amma ina! Ta kama hannun Atika ta matse har Atika ta yi ƙara. Ta roƙe ta ta je ta ce wa Saje a sake igiya, kada ta faɗi dalili. Atika ta je, ta dawo tana murguɗa baki. Saje ya ce igiyar ke nan ɗaya tilo, wata sai an koma Bagudo, kafin jirgi ya je ya dawo rumbuna sun tafi. Ya ce kuma su mata su kwantar da hankalinsu, soja ba ya aiki da igiya sai ya gwada.

Aka gwada kuwa. Ma'azu ya yanko kamu ɗaya daga bakin igiya ya kunna, Saje yana duban agogo. Wuta ta bi ta sumul, ta fita a lokacin da ake so. Saje ya gyaɗa kai. Saratu ta sauke numfashi, ta yi hamdala ta fi sau goma. Sai kuma wani tunani ya soke ta. Bakin igiyar a sama yake lokacin da ta aza ta. Gefen da ya kalli garwashi can tsakiya yake.

Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta, yana durƙushe yana zura igiyar cikin rami. Taku ashirin ne tsakaninsu. Abin da za ta ce bai fi kalma biyar ba. Ta buɗe baki, ta ga idanun matan unguwa, ta ga surukanta a tsaye, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ta rufe bakin. Wallahi ta tsani kanta a wannan lokaci.

Bayan azahar aka busa usur, aka kora kowa can kan tudun maƙabarta, inda hanya ta faro. Daga nan ana hango komai: hanyar ta miƙe kamar katanga, ruwa ja ya cika dama, fadama a hagu tana jira. Ma'azu shi kaɗai ya rage a can. Ya sunkuya, ya miƙe, ya taho da tafiyarsa ba gudu, don an ce soja ba ya gudu daga igiyar da ya kunna. Ya iso ya tsaya kusa da Saje. Mata suka toshe kunnuwa, maza suka yi ta salati.

Shiru.

Saje ya dubi agogo, ya dubi hanya, ya sake duban agogo. Wani ya yi tari. Wata tsohuwa ta cire yatsu daga kunne ta ce, "An yi?" Ba a yi ba. Sai ga wata ƙara daga cikin gari, ba ta nakiya ba, rumbun farko ne ya durƙushe cikin ruwa. Mai rumbun ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka kamar mace.

Nan fa wuri ya ruɗe. Wasu na cewa a je a duba, wasu na zagin sojoji, wasu na zagin ɗan kwangila da iyayensa. Saje ya ɗaga hannu. Ya ce dokar aikinsu ce, in nakiya ta ƙi tashi ba mai matsawa sai an yi rabin sa'a, ko da gari zai nutse. Bayan nan mutum ɗaya ke zuwa, shi kaɗai.

"Ni za ni," in ji Saje. "Na tsufa, na ci nawa."

Ma'azu ya ƙame. "A'a, Saje. Wanda ya binne shi ka tonowa. Kai ka koya min."

Rabin sa'ar nan Saratu ba ta san yadda ta wuce ba. Ta zauna ta tashi, ta tashi ta zauna. Ta nemi Namadi da ido, ya kau da kai. Ta ce a ranta wataƙila wutar ta mutu da gaske, ai ruwa ko'ina. Ta ce wataƙila Saje zai hana shi. Ta yi wa Allah alkawarin azumi, ta yi alkawarin akuyarta. Rumbu na biyu ya faɗi, na uku ya karkace. Mutane suka koma roƙon sojoji, har da masu durƙusawa. Duk wannan lokaci Ma'azu yana zaune bisa wani dutse yana ɗaure igiyar takalmi, yana kwancewa, yana sake ɗaurewa.

Saje ya ce lokaci ya yi. Ma'azu ya tashi, ya cire hula ya ba wani soja, ya ɗauki ƙaramin shebur. Da zai wuce gaban mata ya ɗan rusuna, bai dubi kowa ba, amma Saratu ta san wa ya rusuna wa. Ya hau hanya.

Sai da ya yi nisa sannan abin da ke riƙe da ita ya tsinke. Ta ture Atika, ta kutsa cikin maza, ta faɗi a gaban Saje ta kama ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ce! Igiyar ta jiƙe na aza ta bisa murhu. Ta yi laushi a tsakiya. Ni ce na gasa ta!"

Fuskar Saje Labbo ta yi toka. Bai ko tsaya zaginta ba. Ya fizgo usur ya busa, ya busa, ya daka ihu: "Kofur! Kofur, dawo!" Ma'azu ya ji. Ya ɗaga hannu ɗaya sama bai waiwayo ba, ya ci gaba da tafiya. Ya ɗauka tsohon yana so ya karɓe masa aikin ne. Sauran sojoji suka kama kira, mutanen gari suka kama, Namadi yana "Kai! Kai, yaro!" har muryarsa ta dushe. Hayaniya ta haɗu da kukan ruwa ta zama abu ɗaya. Mutanen da suka wuni suna ihun a je a duba, wa zai bambance ihunsu na yanzu?

Saratu ta miƙe. Mayafi ya faɗi ba ta ɗauka ba. Saje ya kai hannu zai riƙe ta, ta zille, ta hau hanya da gudu, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, laka tana fizge mata ƙafa. Ta yi gudu har ƙirjinta ya ɗau zafi. Tana ganin bayansa, tana ganin tarin lakar bakin rami a gabansa, bai fi taku goma ya isa ba. Ta tsaya, ta cika ƙirji, ta saki abin da ta haɗiye tun ranar suna.

"Ma'azu!"

Ya tsaya cak.

"Ma'azu! Ma'azu, ɗana!"

Ya juyo a hankali, shebur a hannu, baki buɗe. Bai san muryar ba, don bai taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, amma ya ga mai ita. Can baya kan tudu hayaniya ta ɗauke ɗif.

"Na gasa igiyar a murhu! Ba ta mutu ba!"

Ya waiga wajen rami sau ɗaya. Wani siririn hayaƙi yana fitowa daga cikin laka. Ya yar da shebur ya taho da gudun da aka hana soja, yana yi mata hannu ta koma. Ita kuwa maimakon ta koma sai ta ƙara matsowa, hannuwa a miƙe. Ya iso ya sure ta, suka gangara gefen hanya ta wajen fadama, ya danne ta da jikinsa, ya sa tafukansa biyu ya toshe mata kunnuwa da ƙarfi.

Ƙasa ta ɗaga su ta maka. Saratu ta ji abin a cikin haƙoranta da cikinta. Laka da tsakuwa suka yi ta zubowa, wani dutse ya faɗi kusa da kanta ya nutse. Daga nan sai rugugin ruwa, ya samu ƙofa, yana ture marmara yana faɗawa fadama. A kan tudu mutane suka kaure da kabbara, masu guɗa na yi, wai gari ya tsira.

Ta zame daga ƙarƙashinsa ta juya shi. Yana numfashi. Idonsa a buɗe, yana dubanta. Ta shafa kansa, ƙirjinsa, hannuwansa, ƙafafunsa, komai na nan. Ta fara dariya tana kuka. Sai ta ga jini yana gangarowa daga kunnensa na dama, ta juya kansa, na hagu ma haka.

Sojoji suka iso suka ɗauke shi zuwa jirgi. Saje Labbo ya durƙusa ya tafa hannu da ƙarfi a bayan kansa, Ma'azu ko ƙiftawa bai yi ba. Saje ya sake tafawa. Sannan ya miƙe ya juya baya, ya daɗe yana share fuska da hula. Saratu ta tambaye shi ko a asibiti za su gyara. Ya ce ya ga irin wannan a Bama sau uku.

Ba wanda ya ce ta shiga jirgi, ba wanda ya hana ta. Ta zauna a tsakiya, ba mayafi, laka har gashi, ta ɗora kan ɗanta bisa cinyarta a gaban Namadi da surukai da duk matan Geza. Masu tuƙi suka tura jirgi suka nufi Bagudo.

Sun yi nisa kafin Ma'azu ya yi magana. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da kima, kamar mai kiran wani a hayin gulbi.

"Inna! Ɗazu, kirana kinka yi?"

Ta gyaɗa kai.

"Da sunana?"

Ta sake gyaɗawa, hawaye na ɗiga a goshinsa.

Ya yi murmushi irin na yara. "Sake faɗi."

Ta sunkuya daidai kunnensa. "Ma'azu."

Yana duban bakinta, yana jira. "Ki faɗi mana, Inna. Ba kowa nan sai sojoji."

"Ma'azu," ta ce da ƙarfi. Ta ƙara ɗaga murya. "Ma'azu! Ma'azu!" Ta yi ta kira har tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawa, har masu tuƙi suka kau da fuska, har muryarta ta tsage.

Ya kama hannunta ya riƙe.

"Ban ji ba, Inna," ya ce. "Ɗan ɗaga murya."